Kwana Goma Sha Biyar da Aka Ɗibar wa Barsu

Da girma na koyi rubutu, a ajin manya, furfura ta riga ta fara fito mini. Tun ranar da hannuna ya iya riƙe alƙalami nake cewa sai na rubuta labarin jinyar Barsu, don kada abin da ya same mu ya sami wani gida. Barsu kare ne. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama, domin ni Tsahara na sha dariyar mutane a kan karen nan tun yana da rai, ba ta rage ni da komai ba.

Zamanin Nasara ne, ana sauran 'yan shekaru su tafi. Muna zaune a gefen Dogon Dutsi ta wajen gonaki, ni da maigidana. Ba zan kama sunansa ba, ban saba ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Shekararmu tara da aure, na haihu uku, babu wanda ya kai yaye. A gindin kalgo na tsinci Barsu ina dawowa daga itace, ɗan kwikwiyo ko ido bai gama buɗewa ba. Da tsumma na riƙa ɗiga masa nonon akuya har ya tashi. Matan unguwa suka ce Tsahara ta samu ɗa, saura suna. Ni kuwa na raɗa masa sunan da zan riƙa kira da ƙarfi suna ji. Ya girma ja mai farin ƙirji, yana bina rijiya, yana korar awaki daga shanyata, in na zauna sussuka ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Ina son sa, ban taɓa ɓoyewa ba.

Ciwon ya fara da kaka, gero ya nuna ana wasa magirbi. Ranar farko na zuba masa sauran tuwo ya shinshina ya koma ya kwanta. Na ce ƙila ya ci wani abu a bola. Washegari na ga miyau yana dalala daga bakinsa, bakin a buɗe kaɗan ba ya rufuwa, yana ta kai ƙafa yana sosa muƙamuƙinsa. Rana ta uku muryarsa ta sauya, in ya yi haushi sai ta fito a shaƙe. Da hantsi maigida ya tsuguna ya dube shi ya ce, "Ƙashi na ya maƙale mai. Riƙe min ƙahwahunai in hidda shi."

Na riƙe. Ya tura hannu cikin bakin. Ban san inda ya taɓa ba, sai dai na ji Barsu ya yi ƙara ya datse. Haƙori ya shiga tsakanin babban yatsa da manuni, jini ya biyo har gwiwar hannu. Barsu ya fizge ya shige ƙarƙashin rumbu yana kuka, maigida ya tsaya yana kallon hannunsa, ni kuwa tsoro ya kama ni. Wannan shi ne kuskurenmu na fari, kuma ina roƙon mai karatu: kare mai dalalar da miyau, kada ka sa hannu a bakinsa ko da kai ka raine shi.

Dole in faɗi abin da ya sa tsorona ya fi na kowa. Ina yarinya a ƙauyenmu wajen Ɗan Kassari, kare ya ciji wani maƙwabcinmu Nomau a dunduniya. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu aka ɗaure Nomau a ɗaki da igiyar shanu. Na leƙa ta ɓular zana na gan shi. Ƙishirwa yake ji yana roƙon ruwa, amma da an kawo ƙwarya kusa da shi sai maƙogwaronsa ya shaƙe, idanunsa su fito, ya ture ta. Hankalinsa bai gushe duka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin yana kiran 'ya'yansa da suna yana cewa su tsaya nesa. Kwana huɗu ya yi ya cika. Ranar da na ga jini a hannun maigida, Nomau nake gani.

Na lallaɓa Barsu na shigar da shi ɗakin da muke ajiye harawa, na kare ƙofar da turmi. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, domin wata maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta ta ga komai. Daga nan shawara ta fara zuwa ta ko'ina, kowa da inda yake so in kai shi.

Na fara kiran Bello, Bafillatanin da ke kiwon awakinmu, mutumin da ke warkar da saniyar da kowa ya fid da rai. Ya leƙa ta tsagar ƙofa ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Tsahara, ni nagge na sani, shanu su na aikina. In kina so in ɗora mai wuta bisa goshi yadda aka yi ma karnai, sai in ɗora. Amma in hauka ta, wuta ba ta hidda ta. Ba ni yi miki ƙarya." Na gode masa da gaskiyarsa, ban bari an ƙona shi ba.

Sai na tafi wajen Inna Tambara 'yar bori. Ita ba ta ko zo ta gan shi ba. Ta ce Doguwa ce ta gitta masa da tsakar rana, a kawo baƙar kaza. Na kai kazar da nake ji da ita, ta ba ni turare na tura masa hayaƙin ta ƙarƙashin ƙofa. Barsu ya yi atishawa har ya gaji, miyau bai tsaya ba.

Saura wuri na uku, gidan lokotoron bisashe, wato likitan dabbobi, da Nasara suka gina can wajen bariki. Shi ne wurin da kowa ya ce kada in kuskura. Mutane suna da hujja, domin shekarar da ta wuce gardi-gardi, dogaran kumandan Baturen da ke mulkin gari, sun watsa nama mai guba a gari, karnuka suka mutu rututu har da ungulu. Ni a ɗaka na ɓoye Barsu kwana uku ya tsira. An ce duk karen da ya shiga gidan nan ba ya fitowa da ƙafarsa, an kuma ce wanda kare ya ciza ana kama shi a tura Yamai, babban birni, babu mai sanin abin da ake yi masa a can.

Ina cikin wannan tunani saƙo ya iso daga Kore Mairuwa, ta bakin wani ɗan kasuwa. Saƙon Yaya Gado ne, wan maigida, wanda ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Maganarsa ba a mayar da ita a gidan nan. Ya ce a kashe karen, a gasa hantarsa a ba maigida ya ci, a ƙona gashin wutsiyarsa a barbaɗa tokar a kan cizon. Haka ake yi tun kaka da kakanni, kuma in da ba ciwon ƙafa da ke damunsa ba da ya zo da kansa. Maigida ya ji saƙon, bai dube ni ba. Na ce a raina, in mutuwa ce a gida, mutuwa ce a bariki, gara in kai shi inda wataƙila za a buɗe bakin a duba tukuna.

Kwana huɗu da cizon muka tafi. Na ɗaure bakin Barsu da tsumma, ya bar ni na ɗaure, muka sa shi a mangala a kan jaki, muka sa dutse a ɗaya gefen. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Mun isa da hantsi muka tarar da garkunan shanu ana yi musu allura ana yanke musu gefen kunne, ga dawakin gardi-gardi a ɗaure suna jira. Da mutane suka gane abin da ke cikin mangala sai suka dare, muka zauna mu kaɗai a rana, babu wanda ya ce mu matso inuwa. Muna zaune kukun kumandan ya zo da kyanwar matar maigidansa a cikin kwando, aka shigar da shi nan take. Kyanwar nan lafiyarta lau, na ga tana lasar hannu. Mu sai da la'asar ta yi sanyi aka waiwaye mu. Wannan ban manta ba, kuma ban ce daidai ba ne.

Lokotoron sunansa Isufu, Bazabarme ne daga Dosso, siriri mai gajeren wando, Hausarsa da ɗan gargada. Bai dubi karen ba sai da ya tambaye ni, "Ya ciji wani?"

Na ce, "A'a."

Ya dubi hannun maigida da ke naɗe da tsumma, ya sake dubana. "Baiwar Allah, ƙaryar da za ki yi don ki tsirar da kare, mijinki za ta ci. Yaushe ya cije shi?"

Kunya da tsoro suka rufe ni, na faɗa masa gaskiya. Ya yi mini faɗa a kan ɗaure bakin da na yi da hannuna, ya duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya ko akwai ƙwarzane. Nan take ya sa aka raka maigida gidan likita wajen majo, babban mai jinya na garin, aka wanke ciwon da sabulu har sai da ya yi sabon jini, aka zuba masa wani magani mai zafi. Shi kuwa lokotoro ya sa safar hannu ta fata, ya zarga wa Barsu igiya da dogon sanda, ya gitta masa itace tsakanin haƙora, ya leƙa. Ya ɗauko dogon hantsaki ya ja. Sai ga tsinken ƙashin haƙarƙarin akuya, ya gitta a dasashin sama daga wannan gefe zuwa wancan, wurin ya ruɓe yana wari. Na ce Alhamdu lillahi, hawaye suka zubo mini.

Ya ce, "Kada ki yi murna tukuna. Ganin ƙashi bai wanke shi ba. Kare mai hauka ma yana tauna ƙashi da itace da duk abin da ya samu, su maƙale masa. Ni ban sani ba, ke ba ki sani ba. Shi kaɗai zai faɗa mana."

Na ce, "Yaya kare zai faɗa muna, lokotoro?"

"Da ransa. Kwana goma sha biyar daga ranar cizo. Kare mai hauka ba ya kai kwanakin nan da rai. In ya cika su yana ci yana sha, to ranar da ya ciji mijinki babu dafi a bakinsa, ku je ku yi barcinku. In ya mutu, ko ya ɓace, ko wani ya kashe shi, ba ni da sauran shaida, sai in tura mijinki Yamai a yi masa allurai a ciki. Kin gane? Ran karen nan shi ne madubin ran mijinki. Ki tsare shi."

Ya kira abin da wata kalma ta Nasara, obsarbasiyo, ita kaɗai ce kalmarsu da ta zauna mini har yau. Kejin da ke gidan ƙofarsa ta lalace, kuma ya faɗa mini a hankali cewa in ya kwana nan ba ya da tabbacin gardi-gardi ba za su jefa masa nama ba. Ya yarda in tafi da shi gida, da sharaɗi: igiya a wuya, ƙofa a rufe, abinci da dogon sanda, kada ya lashe ni. Na miƙa masa ƙwan zabi da na zo da su, ya ce in dafa wa mijina. Mutumin da aka ce mini shi ke kashe karnuka, shi ne na farko da ya ce kada a kashe nawa.

Na samo igiyar rama na rataye a ƙofar ɗakin harawa, na yi ƙulli huɗu. Kowace safiya in na leƙa na ga yana numfashi sai in ƙara ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Na ɗaura ludayi a bakin gora, ina tura masa kunu mai ruwa da nono a cikin sakaina. Kwana na biyar bai taɓa ba. Na shida ya ɗaga kai ya dubi ruwan ya kawar da fuska, na zauna a ƙasa a bakin ƙofar. Yana kallona yana so in shigo in taɓa shi, ni kuwa ina tsaye nesa da sanda kamar ban san shi ba. Wannan ya ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa. A rana ta bakwai na ji ƙarar harshe a cikin ruwa. Na tsaya ban motsa ba har ya shanye.

Ta ɗaya gefen kuma hannun maigida ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Majo ya ce ciwon ne ya yi ruwa, ba wani abu ba, amma ni zuciyata ba ta ji ba. Na shiga kawo masa ruwa ba dare ba rana, ko bai nema ba, don kawai in ga yadda zai haɗiye. In ya ɗaga ƙwarya sai in kafa wa maƙogwaronsa ido. Rannan ya gaji ya ce, "Tsahara, so kike ki hwasa min ciki? Wanga shi na na takwas tun sahe." Muka yi dariya, amma ya gane, kuma na ga shi ma yana jinkiri kafin ya kai ƙwaryar baki.

Unguwa ta guje mu. Aka daina shigowa ɗibar wuta. A rijiya in na ajiye tuluna sai a janye na kusa da shi. Matan da suka yi shekaru suna mini ba'a yanzu ko ba'ar ba sa yi, na gane ashe ba'a ma zumunci ce. Lokotoro Isufu kaɗai ya shigo gidan, a kan kekensa, rana ta takwas. Ya tsaya a ƙofa ya yi fito, Barsu ya kaɗa wutsiya. Ya dubi igiyata ya ƙirga ƙullin da yatsa ya ce, "Saura bakwai. Kada ki saki jiki."

Rana ta goma sha biyu Yaya Gado ya iso, a ƙafa, yana ɗingishi, tun daga Kore Mairuwa. Na durƙusa na gaishe shi na kawo ruwa, na koma bayan zana inda nake jin su. Ya kama hannun ƙaninsa ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Na aiko, ba ku yi ba."

Maigida ya yi masa bayanin ƙashin da kwanakin, yana magana ƙasa-ƙasa.

Yaya ya ce, "Kwana nawa kuka son dahi shi yi cikin jikinka? Hanta tana aiki tun dahi bai kai zucciya ba. Ni da kaina kare ya cije ni ina saurayi, baba ya gasa min hantatai ni ci, ga ni zamne gabanka. Bazabarmen ga yaushe anka haihe shi?"

Ban taɓa sa baki a maganarsa ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar na sa. Daga bayan zana na ce, "Yaya, a yi min aikin gahwara. Kare na ci, yana sha. Saura kwana ukku. In kunka kashe shi, Yamai za a kai ƙanenka."

Yaya ya ɗauki goro ya ɓare ya sa a baki. Da ya fita alwala na tare maigida na ce ya yi mini alkawari. Ya ce, "Na ji, Tsahara." Na ɗauka magana ta ƙare, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu.

Safiyar rana ta goma sha uku Barsu ya cinye tuwo da nono ƙwarya guda, ya miƙe ya yi miƙa, da akuya ta gitta ya yi mata haushi da tsohuwar muryarsa. Na yi ƙulli na goma sha uku cikin murna. Ranar kasuwa ce. Na ga su Yaya suna shirin gona da magirbi a kafaɗa, na ce bari in yi sauri in samo wa Barsu nono da ɗan huhu wajen mahauta, ya mayar da jiki. Ban daɗe ba, kafin azahar na juyo.

Tun daga bakin darni na ji ƙaurin gashi. Turmin yana gefe, ƙofar ɗakin harawa a buɗe, an yanke igiyar wuyansa. Yaya Gado yana gindin itacen bedi yana wanke hannu. Maigida yana zaune a kan tabarma kansa a ƙasa, baƙar toka a kan ciwonsa, maiƙo a leɓensa.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na sauke ƙwaryar nono a hankali don kada ta zube. Na tsaya a gaban Yaya, ban durƙusa ba, na ce, "Yaya, saura kwana biyu. Shaidarmu ke nan ka kashe."

Ya ɗago, sai na ga idonsa cike da ruwa. Ya ce, "Ni na goye shi, Tsahara. Ba ni zama ina ƙirgan igiya ƙanena na mutuwa. Ki tsine min in kina so."

Daga baya maigida ya faɗa mini yadda aka yi. Sun kai rabin hanyar gona Yaya ya juyo da shi. Ya ce masa in bai ci hantar ba, kada ya zo ya tsaya a kan gawarsa. Maigida ya ce da Yaya ya buɗe ƙofar da taɓarya a hannu, Barsu kaɗa masa wutsiya ya yi. Da ma bai faɗa mini wannan ba.

Da ƙafata na tafi bariki a cikin ranar nan. Lokotoro Isufu ya ji ni har na gama, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ya tambaya ko kan yana nan, domin akwai inda ake aika kai a duba. Na ce da taɓarya aka yi, babu sauran kai.

Ya ce, "A zuciyata na san karenki lafiyarsa lau. Wanda ya ci tuwo ya yi haushi rana ta goma sha uku, ban taɓa ganin hauka ta yi haka ba. Amma ba zan ɗora ran mutum a kan abin da nake zato ba. Da kin kawo mini ƙulli goma sha biyar, da na ce ku tafi girbinku."

Ya rubuta takarda. Bayan kwana biyu muna bayan babbar mota a kan buhuna, mun nufi Yamai, gero yana tsaye a gona tsuntsaye suna ci. Awakina biyu na sayar muka yi guzuri.

Kusan sati uku muka yi a can. Kowace safiya mu bi layi tun rana ba ta yi zafi ba, a yi masa allura a gefen cibiya, yau dama gobe hagu. Cikin ya kumbura ya yi tauri, ya yi ja, har ba ya iya ɗaura wando sai zane. Zazzaɓi ya riƙa kayar da shi. A gindin itace muke zama a harabar likita, ba mu jin Zabarmanci, wata tsohuwa mai jinyar ɗanta ce take ara mini murhu. Akwai wani mutum da ake yi wa irin allurar, ƙafafunsa suka mutu ya kasa tashi, sai tsorona ya zama biyu, ina tsoron ciwo ina tsoron magani. Kullum da hantsi ina sa maigida ya taka ya je bakin ƙofa ya dawo ina kallon ƙafafunsa. Masu allurar ba su wulaƙanta mu ba, Allah ya saka musu. Ranar sallama babbansu ya ce mini an yi abin da ake iyawa, amma in sa masa ido wata da watanni, in na ga ya ƙi ruwa in kawo shi da gaggawa. Bai faɗa mini ranar da zan daina sa idon ba.

Da muka dawo Dutsi muka tarar an girbe gonarmu kaf, an ɗaure dammuna, an cika rumbu an rufe. Maƙwabta suka ce Yaya Gado ne, shi kaɗai da ƙafarsa mai ciwo, ya bar tasa gonar a Kore Mairuwa tana zuba. Ya tafi kwana ɗaya kafin mu iso. Geron nan muka ci har shekara ta zagayo. Na gode masa, kuma har ya rasu yana gaya wa mutane hantar ce ta ceci ƙaninsa. Ban taɓa yi masa musu ba. Na yafe masa, amma ba da wuri ba, kuma ban ɓoye wa Allah hakan ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In dabbarka ta yi ciwo, ka kai ta wajen wanda zai buɗe baki ya duba, ko da an tsorata ka da shi, ko da za a bar ka a rana. In kare ya ciji naka, ka wanke ciwon da sabulu ka nufi likita a ranar, kada ka jira kwana huɗu kamar mu. Karen kuwa kada a kashe shi, a ɗaure shi a ciyar da shi har kwanakin su cika. Kuma ka tsare shi daga masu ƙaunarka, domin ni maƙiya nake gadi, ban yi gadin mai ƙauna ba.

Ban sake riƙon kare ba. Igiyar ramar tana cikin tukunyar kayana da ƙullinta goma sha uku. Maigida yana nan da ransa, ya tsufa, haƙoransa sun zube, tabon yana hannunsa. Lokotoro ya ce lafiya, likitan Yamai ya yi nasa, shekaru sun wuce da yawa, na san babu komai. Amma kwana biyun nan da ba a bar mini ba, ban gama jiransu ba. Ko ɗazu da ya dawo daga masallaci na miƙa masa ruwa, na tsaya a kansa ina kallon maƙogwaronsa. Ya daina yi mini faɗa tun tuni. Ya shanye, ya juyo mini da cikin moɗar in gani, sa'an nan na karɓa na tafi.